Manaja ma yana buƙatar koci

Assalamu alaikum Edita. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin manajoji da shugabannin ƙungiyoyin manoma na Garwa, Marwa da Ngaundare, kan aikin kocin shugabanci, wanda ake yawan ɗaukarsa taron bita ne.

A bita mutum hamsin ake tarawa, a karanta musu darasi, a raba takardar shaida. Koci kuwa da manaja ɗaya yake zama, awa ɗaya ko ɗaya da rabi, duk mako biyu, na tsawon wata uku zuwa shida. Aikinsa tambaya da bibiya. Kafin a fara, da yardar manajan, ana jin bakin mutum biyar zuwa takwas da ke aiki da shi, na sama da shi da tsararrakinsa da na ƙasa, a sakaya sunayensu. Daga abin da suka faɗa ake zaɓar hali ɗaya da za a gyara. Wanda ya ɗauko biyar a lokaci guda ba zai gyara ko ɗaya ba.

Tsarin tambayoyin koci da ya fi shahara shi ne GROW (haruffan farko na kalmomin Turanci huɗu), wanda Baturen Ingila John Whitmore ya yaɗa a littafinsa na 1992. Tambayoyi huɗu ne: me kake nema, ina kake yanzu, waɗanne hanyoyi ne a gabanka, wacce za ka bi kuma yaushe?

A ɗauki mai kula da sito a lokacin kaka. Makullai na aljihunsa, hatimi na jakarsa, ya tafi banki, mota na tsaye da lebura goma a rana suna jiransa. Koci ba zai ce masa ya sakar wa wasu aiki ba. Zai tambaye shi: "Cikin abin da ka yi jiya, wanne ne ba mai iya yi sai kai?" Sau da yawa biyu ne ko uku. Sai shi da kansa ya yanke cewa mataimakinsa zai riƙa sa hannu a rasit ɗin da bai wuce sefa 50,000 ba, bayan mako biyu a duba yadda ta kaya.

Abin da ya fi ɓata aikin rashin sirri ne. Idan mai kamfani ne ke biya, har yana neman a kawo masa labarin zaman, manajan zai kama bakinsa, kuma yana da gaskiya. Don haka tun farko a rubuta yarjejeniya: mai kamfani zai ji manufa da sakamako, hirar kuwa ta tsaya tsakanin mutum biyu. Kada kuma a tura mutum wurin koci a matsayin hukunci. A nan yankin akwai batun kara: matashin manaja na jin nauyin gyara wa sa'an mahaifinsa kuskure. Koci nagari zai sa shi ya gwada kalaman a ɗaki tukuna, ya zaɓi wurin da zai keɓe da dattijon.

Kafin a biya kowane koci, a tambaye shi inda ya samu horo, ko yana da shaidar wata ƙungiya irin ICF, ƙungiyar masu aikin koci ta duniya, da aka kafa a Amurka a 1995, sannan a nemi zama ɗaya na gwaji.

Wasu masu horar da manajoji,
Garwa, Kamaru