Baƙonku na daren Asabar ya yi gaggawar yanke hukunci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na wasanni na daren Asabar, kuma har yanzu raina a ɓace yake saboda maganar da baƙonku ya yi, wai duk ƙungiyar da ta ɗauki yaro a zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, sannan ta ajiye shi a benci, ta yi asarar damarta. Ya faɗi haka yana dariya, mai gabatarwa ya taya shi, babu wanda ya ce masa uffan.

Ni ganau ne, ba jiyau ba. Ina karatu a jihar Wisconsin ta Amurka a shekarar 2005 lokacin da ƙungiyar Green Bay Packers ta jihar ta ɗauki Aaron Rodgers a matsayin mutum na 24 a zaɓen, alhali tana da Brett Favre a gurbin da Rodgers ke bugawa, wanda mutanen wurin suke ji da shi kamar sarki. A shagon da nake aikin dare don in biya kuɗin haya, babu irin zagin da ban ji an yi wa shugabannin ƙungiyar ba, domin a cewar masu sayayya, an bar ɗan wasan da zai yi amfani nan take an ɗauko wanda zai dumama kujera. Shekara uku cur yaron nan yana zaune yana kallo. Da aka ba shi ragama a 2008, bai cika shekara uku ba ya ɗauko musu kofin Super Bowl, wato kofin zakarun gasar, a watan Fabrairun 2011, kuma da idona na ga masu zagin nan sanye da rigarsa mai lamba 12, babu ko kunya.

Haka Kansas City Chiefs ta yi da Patrick Mahomes, wanda ta ɗauka a matsayin mutum na 10 a zaɓen 2017. Wasa ɗaya tak ya buga a kakarsa ta farko, kakar da ta biyo baya aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar, yanzu kuwa kofi uku gare shi. Jordan Mailata ma ɗan zari-ruga ne daga Ostireliya da bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba sa'ad da Philadelphia Eagles ta ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2018, ta yi haƙuri da shi shekara biyu, ga shi da shi aka ci kofi a 2025.

Ban ce jira ba shi da tsada ba. Kwantiragin sabon ɗan wasa shekara huɗu ne, duk shekarar da ya yi a benci ta tafi ke nan, kocin da ake shirin kora kuma ba ya da lokacin renon kowa. Ƙungiyar San Francisco ta yi caca da ɗaukar Trey Lance a zagayen farko a 2021 ta sha ƙasa. Da baƙonku ya kawo wannan hujja da na saurare shi da mutunci, amma shi cewa ya yi "duk", kuma ko suna ɗaya bai ambata ba.

Sannan don Allah ku duba yawan tallan da kuke cusawa a tsakiyar shirin. Sau uku aka katse hirar, saƙon da na aiko kuma ba a karanta ba, sai na mutanen nan guda biyu da kuke karantawa kowane mako.

Naku mai sauraro,
daga Zariya.