Karen da ke ɗigar da fitsari ba lallai yana fitsari ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da masu riƙon ƙananan karnuka a gida, musamman irin su dachshund da shih tzu da French bulldog ɗin nan da ciwon baya ke yawan kamawa, wato faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya ɓullo ya danne laka, kawai ka wayi gari kare na jan ƙafafun baya. Kowa hankalinsa kan ƙafar yake tafiya, yaushe zai miƙe, yaushe zai yi gudu, alhali mafitsara ce ke fara jawo matsala a ɓoye.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne sai su ga shimfiɗarsa a jiƙe su ce ai alhamdulillahi yana fitsari. Ba lallai ba fa. Sau da yawa mafitsarar ce ta cika taf har ta fara ɗiga da kanta, ciki kuma a cike take, shi karen bai ma san ana yi ba tunda saƙo daga ƙwaƙwalwa ba ya isa wajen. In aka bar ta haka sai ta buɗe ta saki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, abin ma yakan kai ga ƙoda.

Don haka sai an matse masa da hannu, sau 3 zuwa 4 a rana, kusan duk awa 6 zuwa 8 kenan. Amma don Allah karon farko a bari likitan dabbobi ya nuna, ya sa hannunka a wurin ka ji da kanka, ba wai ka kalli bidiyo a YouTube ka hau danna cikin dabba ba. Mafitsarar tana can ƙasan ciki gab da cinyoyin baya, in ta cika za ka ji ta kamar ƙaramin balan-balan mai ruwa. Ka tallabe ta da tafin hannu ta gefe biyu, ka matsa a hankali ka riƙe, ba fizga ba kuma ba da kan yatsu ba, in ya ƙanƙame ciki ka dakata ya sake jiki tukuna. In fitsarin ya tsaya ka jira kaɗan ka sake, don ba kasafai take ƙarewa a matsa ɗaya ba. Wani karen tasa a sake take, da ka taɓa ya zubo, wani kuma bakin mafitsarar a ɗaure yake ka yi ta fama, to irin wannan ba ƙarfi ake sa wa ba, akwai magani irin prazosin da likita ke rubutawa ya sassauta wurin, ko ya sa masa robar fitsari.

A riƙa duba fitsarin, in ya yi wari sosai ko ya yi duhu ko da jini a ciki a kai a gwada. Fatar cinya da ciki kuma fitsari na cinye ta, a wanke da ruwan ɗumi a goge ta bushe a ɗan shafa basilin, pampas ma ba a barinsa a jiƙe a jiki. Masu rage masa ruwan sha wai don kar ya ɓata wuri, wannan kam cutarwa ce kawai. Haka ibuprofen na mutane, guba ne ga kare.

In ka yi yini guda ka kasa fitar da komai ga ciki ya yi tauri, kar ka jira gobe, ɗauke shi sai asibitin dabbobi.

Na gode Malam Edita.
Wani mai karanta jaridarku