Zuwa ga Alhajin da ya tambaye ni ko makaho yana shiga intanet

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe.

A taron 'yan kasuwa da aka yi kan sayar da kaya ta intanet, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: shin makaho ma yana shiga intanet ne, da har zan ce ka kashe kuɗi a gyara shafin shagonka saboda shi? Lokaci ya ƙure kafin in ba ka cikakkiyar amsa. Tunda a bainar jama'a aka yi tambayar, na ga gara amsar ma ta fito fili, don na san ba kai kaɗai ke da wannan tunani ba.

Yana shiga, Alhaji. Abin da yake shiga da shi ma yana nan cikin wayar da ke aljihunka. In Android ce, akwai TalkBack; in iPhone ce, akwai VoiceOver tun 2009. Mutum zai ɗora yatsa a fuskar waya, ita kuma ta faɗa masa abin da ya taɓa. Ya goga yatsa zuwa dama ta matsa abu na gaba, ya ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe. A kwamfuta kuwa akwai NVDA, wadda kyauta ce, kuma makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su ne suka raine ta tun farkonta a 2006. Da irin waɗannan manhajoji makafi ke tura kuɗi, suna hira a WhatsApp, suna karanta labarai. Wasu har sukan ƙara wa muryar sauri yadda kunnen mai ido ba zai tsinci komai ba.

Sai dai manhajar nan rubutu take karantawa, ba ta cika gane abin da ke cikin hoto daidai ba sai an gaya mata. A nan gizo ke saƙar. Bayan taron na buɗe shafinka, na kunna TalkBack, na bi shi daga sama har ƙasa. Shaddar nan da atamfa da leshi duk hotuna ne, kuma sunan kaya da farashi a jikin hoton aka rubuta su, kamar yadda muka saba yin talla a Facebook. Mai ido zai ga komai tsaf. Makaho kuwa abin da zai ji shi ne "hoto, hoto, hoto", ko a karanto masa lambar da kyamara ta raɗa wa hoton. Da na isa ɗan kwandon da ake dannawa a biya kuɗi, sai wayar ta ce madanni ne marar suna. A ƙarshe kuma ga gwajin nan na zaɓo hotunan da ke da motoci don a tabbatar kai mutum ne. Ka ga ke nan wanda ya zo da kuɗinsa ya juya, kai ba ka ma san ya zo ba, balle ka lissafa shi cikin cinikin da ya kuɓuce.

Gyaran wannan bai kai yadda kake zato ba. Kowane hoto akwai gurbin da ake rubuta masa bayani a ɓoye, mai ido ba ya ganinsa, manhaja ce ke karantawa. Yaron shagonka zai iya cike shi lokacin da yake ɗora kaya: "atamfa ruwan goro mai zanen ganye kore, turmi ɗaya". Farashi a fitar da shi daga hoto a rubuta shi da haruffa a ƙasa. Kowane madanni a ba shi suna, kowane gurbi na fom a faɗi abin da ake so a cike, kuma in mutum ya yi kuskure a gaya masa da kalmomi, kada a tsaya ga mayar da akwatin ja kawai, domin akwai waɗanda ba sa bambance ja da kore.

Kuma maganar ba ta makafi kaɗai ba ce. Bidiyon da kake bayanin kaya, kurma ba ya samun komai a ciki in babu rubutu a ƙasa, kuma rubutun ya zama gajere mai sauƙi, tunda da yawansu maganar hannu ce harshensu na farko. Akwai wanda ɓarin jikinsa ya shanye, akwai mai karkarwar hannu, akwai wanda kuturta ta cinye wa yatsu. In madannai ƙanana ne a cunkushe, sai ya yi ta danna wanda bai nufa ba. Wani ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta, da madannin Tab na jikin kibod, mai tsallakawa daga wani abu zuwa na gaba, yake bin shafi. Sannan ga dattawanmu masu yanar ido. Kai kanka na ga sai da ka ciro tabarau kafin ka karanta takardar taron, kuma rubutu ruwan toka a kan fari, irin wanda ke shafinka, wahala yake ba duk wanda idonsa ya fara rauni, musamman a cikin hasken rana.

Duk waɗannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Ƙungiyar W3C da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da jagora mai suna WCAG tun 1999, sabon bugunsa na 2.2 ya fito a 2023. Ya ƙayyade, alal misali, bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, kuma mai karatu ya iya ninka girman rubutu ba tare da shafi ya hargitse ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tsanani. A Amurka, kamfanin Target ya amince ya biya dala miliyan 6 a 2008 bayan makafi sun kai shi ƙara kan shafinsa. Mu ma nan Najeriya muna da dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, aka kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Amma ba don in tsoratar da kai da doka na kawo wannan ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda makaho ke zama dole sai ya miƙa wayarsa ga wani, ya faɗa masa lambar sirrinsa, kafin ya sayi yadin da zai ɗinka wa iyalinsa na Sallah. Wannan tauye mutunci ne, kuma mu masu gina shafuka da ku masu biyan mu, mu ne ke jawo shi.

Batun kuɗi kuwa, ba zan ce maka kyauta ba ne. Kamar gangaren keken guragu ne a ƙofar gini: in tun wajen aza harsashi aka sa shi, kusan ba a jin kuɗinsa, amma in sai an gama za a fasa matakala, dole a ji a aljihu. Naka an riga an gina, don haka akwai aikin kwanaki a gaban mai kula da shi, kuma mafi yawan aikin rubuta bayanin hotuna ne da sake launuka. Ba sai an rushe shafin ba.

Shawarata, a fara da kayan da suka fi tafiya da kuma shafin biyan kuɗi. In an gama, kada ka tsaya ga maganata ko ta mai gyaran. Ka nemi makaho da kurma da suka saba da waya, ka biya su ladan aikinsu kamar kowane ma'aikaci, su gwada sayen turmi ɗaya daga farko har ƙarshe kana zaune kana saurare. Duk inda suka maƙale, a rubuta a gyara. In ka sa rana, zan zo shagon da kaina mu zauna tare da su.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Wassalam,
ɗanka mai gina shafukan intanet.