Garin da na gina da itace ɗauri 110

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan ƙananan ayyukan nan na gefe da ake sakawa a wasannin bidiyo, waɗanda in ka ga dama ka yi, in ka ga dama ka wuce.

A wasan Zelda: Breath of the Wild na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a 2017, babban aikinka ceto gimbiya ne. To, a hannuna dai gimbiyar ta sha jira. Na tarar da wani magini, Hudson, shi kaɗai yana fasa duwatsu a kan wani tudu a tsakiyar tafki, wai gari zai kafa. Ya ce in kawo itace. Na kai ɗauri 10, ya nemi 20, sai 30, sai 50. Ga kuma sharaɗi: duk wanda zan kawo ya zauna, dole sunansa ya ƙare da "son". Haka na yi ta yawo har na samo mai fasa dutse, da tela, da ɗan kasuwa, da mai ɗaura aure. Da mutum ya ƙaru, sai kiɗan garin ma ya ƙaru da sabon sauti. Ranar auren Hudson da telar nan, wallahi tsayawa na yi ina kallo kamar ɗan uwan ango.

Yaƙin ƙarshe da Ganon, babban mugun wasan, kuwa, tuni na manta yadda aka yi.

Amma ban yafe wani aikin gefen ba, wato tsintar iri guda 900 daga hannun Korok, ƙananan halittun daji da ke ɓoye ko'ina a wasan. Ka gama wahala, ladanka kashi na zinare, wato bayan gida.

Naka,
Wani mai karatu