Wai ina fadawan yariman nan?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan an tashi lafiya, ya aiki ya jama'ar ofis. Na daɗe ina bin shafinku na nishaɗi amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, shi ma ɗin 'ya'yan yayata ne suka ja min. Hutu suka zo wajena su biyu, 'yan mata, kuma tunda suka sauka gidan nan in dai an kawo wuta da daddare babu abinda ake kunnawa sai finafinan nan na Turawa na yarima ya so 'yar talaka, irin wanda tashar Hallmark ta Amurka da Netflix suke zubowa duk ƙarshen shekara wajen kirsimeti. Da farko zama nake in ga me suke kalla kar uwarsu ta ce na sakar mata yara, kafin sati biyu wallahi ni ce mai cewa ku mayar baya ban ji me ya ce mata ba. Na kalli sun fi goma, data kam ta sha wuya, kuma har yanzu in aka tambaye ni sai in ce fim ɗaya na kalla, riga kawai ake canza masa.

Ga yadda yake tafiya. Yarinya ba'amurkiya, ko mai gasa kek ce ko tela ko 'yar jarida ko mai rainon yara, tana sauri ta yi karo da wani saurayi kofi ya zube masa a riga, ko su yi rigima kan tasi, ta zazzaga masa rashin kunya, can sai ta gano ashe yarima ne mai jiran gado. Ƙasar tasa kuwa kar ma ka wahalar da kanka ka duba taswira, babu ta. Aldobiya, Belgarabiya, Kodiniya, Jenobiya, duk sunan sai ya ƙare da "iya" kamar 'yan gida ɗaya, duk a wani lungu na Turai mai duwatsu da ƙanƙara, kuma kowa a ƙasar Turancin Ingila yake yi har mai share dusar ƙanƙara a bakin ƙofa. Sai a kai ta fada. Uwar yarima ta kalle ta sama da ƙasa ta taɓe baki. Sai wata 'yar sarauta mai dogon wuya wadda tun suna yara aka yi musu alkawari ta fito tana murmushin mugunta. Sai a zauna cin abinci a jera mata cokula kusan shida ta rasa wanne zata ɗauka. Akwai ƙanwar yarima ko 'yarsa marainiya wadda ta kori duk masu kula da ita, amma cikin kwana biyu ta maƙale wa baƙuwa. Akwai doki. Akwai daren rawa da zata sauko daga bene cikin doguwar riga kowa ya yi tsit. Ƙaramar cikin 'ya'yan namu har ta iya, da an nuna bene sai ta ce Anti ga rigar nan tafe.

Ni duk wannan bai dame ni ba fa. Mu da muka tashi da tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa da ɗan sarki ya tsaya a bakin rafi ya ce a ba shi ruwa, ai ba mu da bakin yi wa wani dariya don yana son labarin da ya san ƙarshensa. Netflix da kansu sun taɓa tsokanar masu kallonsu a Disambar 2017, suka rubuta a Twitter cewa akwai mutum 53 da suka kalli fim ɗinsu A Christmas Prince kullum har kwana 18 a jere, suna tambayarsu wai wa ya ɓata musu rai. Na gane su sarai, mutum in ya gaji da duniya yana son abinda ba zai tayar masa da hankali ba.

Abinda ya tsaya min a wuya shi ne dokar nan. Kowane fim akwai wata tsohuwar doka, wai yarima ba zai auri wadda ba jinin sarauta ba, ko sai ya yi aure kafin daren kirsimeti, ko in ya aure ta gadon ya koma hannun ɗan baffansa mai baƙin ciki. Awa ɗaya da rabi ana tsorata mu da dokar, yarinya ta haɗa akwatinta tana kuka ta nufi filin jirgi, saura minti biyar a tashi sai dokar ta narke kamar man shanu a rana. Ko sarauniya ta ce ai na ga kuna son juna na yafe, ko a tsinci wata takarda. A wancan na 2017 ɗin da na ambata, an gano yariman ɗan riƙo ne ba ɗan cikin sarki ba, magana ta ƙare ke nan a ko'ina a duniya, amma sai ga takardar da marigayi sarki ya rubuta ya ɓoye a cikin abin adon da ake ratayawa a bishiyar kirsimeti, ta halatta masa gadon. Shikenan. Ya samu sarauta, ya samu mata, ita ta samu miji ta samu kambi, babu wanda ya yi asarar ko allura.

Haba Malam Edita. Duk wanda ya taɓa zama kusa da gidan sarauta ya san ba haka ake yi ba. Yariman fim shi kaɗai yake yawo a kasuwa da hular sanyi wai ya ɓad da kama, fadarsa gaba ɗaya mutum uku ne, bafade ɗaya mai farin gashi da kuku da direba. Ina dogarai, ina fadawa, ina jakadiyar da tun kafin yarinyar ta sauke jakarta ta riga ta binciko kakanta na bakwai? Ina masu zaɓen sarki? A Kano kaɗai mutum huɗu ne, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, ka ce wai takarda a jikin bishiya ce zata rufe musu baki? Na san tsarin Turai daban ne, can ɗan fari ne yake gada, amma su ma ai akwai majalisa da firaminista da coci da jaridu masu bin mutum har banɗaki. Marubutan nan sun san da haka, shi ya sa suke ƙirƙiro ƙasar da babu ita, don su kwashe duk wanda zai iya cewa a'a su bar tsohuwa ɗaya tal wadda zuciyarta zata yi laushi a ƙarshe.

Wani abin dariya, gidan da aka ɗauki A Christmas Prince ɗin a ciki gidan sarauta ne na gaske, Peleș a garin Sinaia na ƙasar Romaniya, Sarki Carol na ɗaya ne ya gina shi. Ita kuwa Romaniya tun Disambar 1947 'yan gurguzu suka tilasta wa sarkinta Michael ya sauka, yanzu gidan wajen tarihi ne da ake biyan kuɗi a shiga kallo. Wato ko ginin da suka ara ya fi labarin nasu sanin abinda sarauta take jawowa.

Na zaunar da yaran nan na ba su labarin na gaske, don na ga babbar ta fara lumshe ido. Na ce musu a 1936 Sarkin Ingila Edward na takwas ya so ba'amurkiya Wallis Simpson wadda ta yi aure sau biyu, gwamnati da coci suka ce ba zai yiwu ba, babu takardar da ta fito daga bishiya, a watan Disamba ya ajiye sarautar bai cika shekara a kai ba, ya ƙare rayuwarsa a Faransa. Na ce musu Grace Kelly, babbar 'yar fim ce a Amurka har ta ci lambar yabo ta Oscar, ta auri Yarima Rainier na Monako a 1956 tana da shekara 26, daga nan ba ta sake fitowa a fim irin na da ba har ta mutu. Masako ta Japan ta yi karatu a Harvard tana aikin diflomasiyya, ta auri yarima a 1993, matsin fada da jiran ta haifi namiji suka taru a kanta har a 2004 fadar ta sanar cewa tana fama da ciwon damuwa, ta shafe shekaru ba a cika ganinta a taro ba. Ita kuwa Meghan Markle abin nata ya fi ban mamaki don ita da kanta ta fito a finafinan Hallmark kafin ta haɗu da Yarima Harry na Ingila, aka ɗaura aure a Mayun 2018 duniya ta ce ga fim ya zama gaskiya, kafin a cika shekara biyu a Janairun 2020 suka sanar sun ja da baya daga aikin sarauta suka tattara suka bar ƙasar.

Kuma ka lura, a finafinan nan kusan kullum namijin ne mai sarautar, macen ce talaka. In aka juya fa? Gimbiya Mako, 'yar ƙanin sarkin Japan na yanzu, ta auri abokin karatunta Kei Komuro a Oktoban 2021. Dokar gidan sarautarsu ta 1947 ta ce mace in ta auri wanda ba ɗan gidan ba ta fita daga sarauta, kuma haka aka yi, ba wanda ya yafe mata. Kuɗin sallamar da ake ba irinta, wajen yen miliyan 150, ta ce ba ta so saboda surutun mutane, ba a yi biki ba, rajista kawai aka yi suka tafi New York. Wannan ai shi ne labarin soyayya, mace ta ajiye komai ta bi mutum, amma Hallmark ba zasu taɓa shi ba don babu kambi a ƙarshe.

Wanda ya fi taɓa ni ma a nahiyarmu ya faru. Seretse Khama, magajin sarautar Bangwato a ƙasar da yanzu ake kira Botswana, ya je karatu Ingila ya auri wata ma'aikaciyar ofis Baturiya Ruth Williams a 1948. Baffansa ya ƙi, Afirka ta Kudu mai mulkin wariyar launin fata ta tayar da hankali, Turawan Ingila suka hana shi zama ƙasarsa, sai da ya haƙura da sarautar a 1956 sannan aka bar su suka koma gida. A 1966 ya zama shugaban ƙasa na farko da ƙuri'ar mutane. Da na gama ba su wannan babbar ta ce to Anti ai wannan ya fi daɗi, na ce ai shi nake faɗa miki.

Don kar a ce na zaɓo masu ɗaci kawai, akwai wanda ya yi kyau. Mary Donaldson 'yar Ostireliya ta haɗu da Yarima Frederik na Denmak a wata mashaya a Sidni lokacin wasannin Olamfik na 2000, ba ta san ko waye ba, wannan kam sak fim. Amma sai 2004 aka yi auren, sai da ta koyi yarensu, ta ajiye takardar zama 'yar ƙasarta, ta koma cocinsu, sarauniya kuwa sai a Janairun 2024 ta zama. A fim duk wannan sati ɗaya ne, daga saukarta jirgi zuwa zobe. Haka Biktoriya mai jiran gadon Suwidin, mai koya mata motsa jiki ta aura a 2010 bayan shekaru ana jan maganar.

Sannan wai 'yar talaka. Wace talaka? Mai shagon kek a Chikago, gidanta da kujeru masu laushi, ta yanki tikitin jirgi zuwa Turai ba ta ko duba asusunta ba. Talakawan ƙasar yariman kuma aikinsu ɗaya, su tsaya a dandali da jajayen kumatu suna tafi, ko a kai yarinyar gidan marayu ta raba musu kyauta don yarima ya leƙo ta taga ya ga tana da kirki. Ba mai ƙorafin haraji, ba mai kawo ƙarar gona. A gaskiya kashi na biyu na A Christmas Prince ɗin, na 2018, ya ɗan taɓo maganar, kuɗin ƙasa suna ɓacewa mutane sun rasa aiki, na gyara zama na ce yauwa, ashe mutum ɗaya ne ɓarawon, aka kama shi aka ci gaba da rawa.

Akwai tsohon fim na 1953, Roman Holiday, baƙi da fari, gimbiya ta gudu daga masaukinta a Rum ta yi yini ɗaya tana yawo da wani ɗan jarida, suka so juna, da dare ta koma bakin aikinta shi ma ya koma nasa, washegari suka gaisa a gaban mutane kamar ba su san juna ba ya juya ya fita shi kaɗai. Na nemo shi na kunna musu. Ƙaramar ta ji haushi sosai ta ce an cuce ta, ta ƙi yi min magana har muka kwanta, amma yau kwana huɗu ke nan shi kaɗai take ta maimaita zancensa, sauran goman ko sunan yariman ba ta riƙe ba, ni ma haka.

Roƙona Malam Edita, mai rubuta muku sharhin finafinai ya taimaka ya duba mana ko a cikin sababbin nan akwai wanda aka bar dokar ta yi aikinta, ko wanda ya fara daga washegarin biki lokacin da aka ce da amarya ta miƙo wayarta da fasfo ɗinta. In akwai ya sa mana sunansa a shafin Asabar, don ranar Lahadi yaran zasu koma kuma sun ce saura guda ɗaya da bamu kalla ba, wai mai gasa kek ce da wata 'yar sarauta masu kama ɗaya suka yi musayar matsayi. Na ce musu na san ƙarshensa, suka ce to ki tafi ki kwanta mana, na ce sai na ga rigar.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taku mai karatu kullum,
daga Zariya