Kuɗin ƙananan hukumomi: me ya sa ba ku tambayi odita ba?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Talata har ƙarshe, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Awa guda baƙinku suna murnar hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, na a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, amma ba wanda ya tambayi wa zai tsare kuɗin bayan sun shiga asusu. Randar da ke yoyo, ko daga wace rijiya aka ɗebo ruwan, ba za ta cika ba.

Ƙa'idar ai a rubuce take. Kafin a biya ko sisi, sashen da ya yi aiki zai rubuta baucha, wato takardar neman biyan kuɗi, ya haɗa da takardar amincewa. In kaya ne, mai sito ya sa hannu cewa sun shigo, ya ƙirga. A duba littafin kasafi ko da saura a wannan layin. Sai odita na cikin gida, wato mai binciken kuɗi na hukumar, ya bi takardun ya buga hatimi, sannan ma'aji ya saki kuɗi. To a wurare da dama a baibai ake yi: a biya tukuna, a rubuta baucha bayan wata biyu, a jibge wa odita tuli guda ya sa hannu kafin la'asar. Ta yaya zai ƙi, alhali wanda ya ba da umarnin biyan shi ne shugabansa?

Kuɗin shiga ya fi muni. Mutum ɗaya ne ke yanka rasit a kasuwa, shi ke rubutawa a littafi, shi ke kai wa banki. In ba a shigar da lambobin kundin rasit a rajista ranar da aka ba shi ba, wa zai gane an buga na bogi? Kuma in ba a gwada littafin kuɗi da takardar banki duk ƙarshen wata, giɓin sai ya shekara ba a gani ba.

Ƙananan hukumomi 44 gare mu a Kano. Ku gayyato Babban Odita na ƙananan hukumomi ya faɗa mana nawa ne suka miƙa lissafin ƙarshen shekara a kan lokaci.

Sannan don Allah ku rage tallan maganin gargajiya a tsakiyar shiri. Sau uku aka katse mai kira yana tsakiyar magana.

Naku mai sauraro,
daga Ƙofar Na'isa, Kano.