Kunne ba ya ƙirga mutum 240

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan yadda ake kaɗa ƙuri'a a Majalisar Tarayya, domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar 20 ga Maris 2025 majalisun biyu suka amince da dokar ta-ɓacin da Shugaba Tinubu ya ƙaƙaba a Jihar Ribas. Sashe na 305 na tsarin mulki ya ce sai kaso biyu bisa uku na dukkan mambobi sun yarda, wato wakilai 240 cikin 360, sanatoci 73 cikin 109. Da me aka tabbatar da adadin? Da ƙuri'ar murya. Aka ce masu goyon baya su amsa, suka yi ihu, aka buga guduma, shi ke nan. Ni ba dacewar dokar nake tuhuma ba. Tambayata ita ce, wane kunne ne ke rarrabe muryar mutum 240 da ta mutum 150?

Kuma ba a rasa hanya ba. A Yulin 2021, da ake gardamar aika sakamakon zaɓe ta intanet, Sanata Abaribe ya dage sai an kira kowa da sunansa. Aka kira, 52 suka tsaya gefe guda, 28 ɗaya gefen, wasu 28 ba su ma cikin zauren. Jaridu suka buga sunayen, kowace mazaɓa ta ga inda nata ya dosa.

Ga kuma batun zama. Doka ta wajabta musu kwana 181 a shekara, amma zaman zaure Talata, Laraba da Alhamis ne kawai, ga dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ban da na Sallah da Kirsimeti. Sukan ce aikin kwamiti ma zama ne. To, mu dai kujeru wayam muke gani a talabijin. Idan kuma sun ga dama, ƙudiri ya tsallake karatu uku a yini guda, kamar yadda Majalisar Wakilai ta yi da na sauya taken ƙasa a Mayun 2024.

Roƙona, jaridarku ta riƙa neman rajistar halartar zama tana bugawa kowane wata, suna da suna. Wakilinmu zai dawo neman ƙuri'a, ina so in tare shi da takarda a hannu.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Zariya